Sunan Bariki da Dala Biyar: Yadda Fugazi Ta Guje wa Laƙabi

Duk wanda ya kalli fim ɗin Donnie Brasco na 1997 zai tuna wurin da Al Pacino ya miƙa wa Johnny Depp wani lu'ulu'u domin ya kimanta masa, shi kuwa ya duba ya ce masa "fugazi" ne, wato jabu. Daga wannan fim, da The Wolf of Wall Street na 2013, da bakin mawaƙan gambarar Amurka, kalmar ta bazu har ta isa wayoyin mutanen da ba su taɓa taka Niyok ba. Yau idan ma'aikacin banki a Abuja ko ɗan kasuwar waya a Kano ya ci karo da ita a intanet, ma'ana guda zai ba ta, kayan bogi.

Amma shekara 10 kafin fitowar Donnie Brasco, wasu samari a birnin Washinton sun riga sun raɗa wa ƙungiyar kiɗansu wannan suna, da wata ma'ana dabam wadda suka tsinto daga bakin sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam. Ƙungiyar ta zama abin misali a kiɗan Amurka wajen ƙin ha'inci da ƙin sayar da kai, ga shi kuma sunanta a kunnen mutanen yau yana nufin jabu. Wannan karo na ma'ana bai cutar da ita ba ko kaɗan, kuma dalilin rashin cutarwar shi ne abin dubawa a shekarunta na farko. Jagoranta, Ian MacKaye, sau biyu ya ga kalma ta fita daga hannun masu ita ta koma abin da ba su nufa ba. Da ya zo kafa Fugazi a 1987, sai ya daina ɗora aƙidarsa a kan kalmomi, ya ɗora ta a kan abubuwan da ake iya ƙirgawa: nawa ne kuɗin ƙofa, wa aka yarda ya shiga, wa ya mallaki faifan. Shawara ce mai kyau, ko da yake tana da nata tsadar.

Masana harshen Hausa suna kiran irin waɗannan kalmomi sara: maganar da wani rukuni na mutane, ɗalibai ko 'yan tasha ko sojoji, suke ƙirƙira domin su gane juna, ta yi tashe, ta fita waje, sannan ko ta mutu ko ta rikiɗe. Kiɗan da Fugazi ta fito daga cikinsa kusan dukkan sunayensa sara ne. Kalmar "punk" tsohuwa ce a Ingilishi. A zamanin Shakespeare karuwa ake nufi da ita, daga baya a Amurka ta koma zagin da ake yi wa yaro ɗan iska marar amfani. A tsakiyar shekarun 1970 makaɗan Niyok da Landan suka ɗauki zagin suka yafa a matsayin kirari. Ita kuwa "hardcore" daga wurin gini ta taso: fasassun duwatsu da ɓaraguzan da ake shimfiɗawa a daddanne kafin a zuba kankaren daɓe, kuma injiniyoyi da masu ƙididdigar gini a Najeriya har gobe da wannan ma'ana suke rubuta ta a takardun kwangila. Daga nan ta koma nufin 'yan a-mutun kowace tafiya, waɗanda ba sa lanƙwasuwa. A farkon shekarun 1980 aka liƙa ta ga wani reshe na punk mai tsananin gudu da ƙara, inda waƙa kan ƙare cikin minti ɗaya, mawaƙi kuma ihu yake yi iyakar ƙarfinsa.

Washinton ta wancan lokaci gari ne mai fuska biyu. Akwai garin gwamnati, wanda Ronald Reagan ya shigo a Janairun 1981, akwai kuma garin mazauna, waɗanda akasarinsu baƙaƙen fata ne masu kiɗansu na gida, go-go, na su Chuck Brown da Trouble Funk. Hatta hardcore ɗin ma, waɗanda suka nuna wa yaran Turawa na birnin yadda ake yin sa baƙaƙen fata huɗu ne, ƙungiyar Bad Brains, masu gauraya gudun punk da kiɗan rege na Jamaika. MacKaye, wanda aka haifa a 1962, yana cikin yaran da suka tsaya gaban dandamali suna kallonsu baki buɗe.

Ƙungiyarsa ta farko da ta yi suna ita ce Teen Idles. A 1980 suka tafi Kalifoniya yin wasa, suka isa wani kulob a San Faransisko mai suna Mabuhay Gardens, sai aka tarar shekarunsu ba su kai na shiga wurin da ake sayar da giya ba. Masu wurin suka samo mafita: aka zana musu babban harafin X da baƙin alƙalami a bayan hannu, domin mai sayar da giya ya gani ya hana su. Yaran suka dawo gida da wannan dabara, suka roƙi masu kulob na Washinton, musamman 9:30 Club, su riƙa barin ƙananan yara su shiga da wannan alama. Da ƙungiyar ta watse a ƙarshen shekarar, sai suka ɗauki dala 600 da suka tara suka buga faifai 1,000 na waƙoƙinsu, suka yanka kwalayen suka manna da hannunsu. A bangon faifan akwai hoton hannaye biyu masu ɗauke da X. Haka aka haifi kamfanin faifai na Dischord, wanda MacKaye da abokinsa Jeff Nelson suka riƙe, kuma haka alamar hani ta koma alamar tunƙaho.

A ƙungiyarsa ta gaba, Minor Threat, MacKaye ya rubuta wata waƙa ta daƙiƙa 46 wadda ta fito a 1981, mai suna "Straight Edge". A zahiri kalmar tana nufin miƙaƙƙen gefen rula, abin ja layi. Amma akwai wasa a ciki. A sarar matasan lokacin, "straight" gori ne da ake yi wa wanda ba ya shan komai, wanda ake ganin bai waye ba. "Edge" kuwa tana ɗauke da ma'anar fifiko, ɗan rinjayen da wani yake da shi a kan abokin gasa. Yaro ɗan shekara 19 ne yake ce wa tsararrakinsa abin da suke yi masa gori a kai shi ne ƙarfinsa: ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya, hankalinsa na tare da shi. Bayanin kansa ya yi, da bakin mutum ɗaya.

Magana zarar bunu ce. Cikin shekara biyu sunan waƙar ya zama sunan ɗariƙa. A Boston aka sami ƙungiyoyi irin su SSD da suka ɗauki abin da zafi, aka riƙa ba da labarin samarin da ke kaɓe kofin giya daga hannun mutane a wurin wasa. Masu adawa suka ƙirƙiro tasu sarar, "bent edge", wato lanƙwasasshen gefe, suka riƙa zuwa wasan Minor Threat musamman domin su sha a gaban mawaƙin. A ƙarshen shekarun 1980 wani sabon zubi ya taso a Niyok da kewayenta, da ƙungiyoyi irin su Youth of Today, da irin tufafinsu da dokokinsu. Zuwa shekarun 1990, a Salt Lake City, 'yan sanda sun sa wasu masu kiran kansu da wannan suna cikin jerin gungun 'yan daba saboda duka da ɓarnar dukiya. Ba za a musanta cewa dubban matasa sun tsira daga shaye-shaye ta wannan hanya ba, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai wanda ya rubuta waƙar ya shafe shekaru fiye da 40 yana maimaita wa 'yan jarida cewa waƙa ya rubuta, bai kafa ƙungiyar aƙida ba, kuma babu wanda maimaitawar ta dakatar.

Minor Threat ta watse a 1983. Zuwa 1984 wuraren wasan Washinton sun lalace. Rawar da ake yi gaban dandamali, wadda ake kira "slam dancing" daga baya kuma "mosh", rawa ce ta bangazar juna, kuma tun tana wasan yara tsakanin abokai ta koma filin da ƙarti masu aske kai tal suke zuwa neman wanda za su nausa. Mata da masu ƙaramin jiki suka koma bayan ɗaki, wasu suka daina zuwa. Waɗanda suka fara abin suka ga gidan da suka gina ya cika da baƙin da ba su gayyata ba, kuma baƙin suna amfani da kalmominsu.

Martaninsu shi ne abin da aka kira Revolution Summer, bazarar juyin juya hali ta 1985, sunan da wata 'yar cikinsu, Amy Pickering, ta raɗa. Suka rage gudun kiɗa, suka buɗe shi ga karin murya, suka koma rera abin da ke damun zuciya, suka kuma fita titi: a wannan bazara suka riƙa taruwa gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu suna dukan ganguna da garewani domin nuna ƙin mulkin wariyar launin fata. A shekarar ce kuma aka kafa Positive Force, ƙungiyar matasa masu shirya wasanni domin tara kuɗi ga mabukata, wadda Mark Andersen yake cikin jagororinta. Fitacciyar ƙungiyar kiɗan wannan lokaci ita ce Rites of Spring, inda Guy Picciotto yake waƙa, Brendan Canty yake ganga. Wasanninta ba su kai 20 ba, amma ana ba da labarinsu har yau, saboda Picciotto yakan rera kamar wanda ake zare wa rai, har wasu masu kallo su yi kuka. MacKaye ma ya kafa tasa, Embrace.

Nan take aka samo musu suna: "emocore", gajarcen hardcore mai motsa zuciya, daga baya aka datse ta koma "emo". Tun farko akwai ba'a a cikinta, irin ba'ar da maza kan yi wa namijin da ya zubar da hawaye. Akwai hoton bidiyo na wasan Embrace a 1986 inda MacKaye ya tsaya a dandamali ya yi tir da kalmar, yana mai cewa bai taɓa jin shirme irinta ba, domin dai kiɗan da suke yi tun farko ai daga zuciya yake fitowa. Picciotto ma bai taɓa karɓarta ba. Ƙin nasu bai hana ta tafiya ba. Ta ratsa shekarun 1990 a kan wasu ƙungiyoyi na tsakiyar Amurka, ta shiga shekarun 2000 ta zama sunan wani yayi na ado: baƙin gashi mai rufe ido ɗaya, kwalli, matsattsen wando. A Maris na 2008, a birnin Querétaro na Meziko, ɗaruruwan matasa suka far wa yaran da ake kira da wannan suna da duka a dandalin gari. A farkon 2012, a Bagadaza, aka kashe samari da dama bisa zargin su "emo" ne, kalmar da a can ta gauraye da zargin luwaɗi da bautar shaiɗan. Ba wanda zai ɗora wa makaɗan Washinton alhakin wannan jini. Amma tazarar da ke tsakanin ba'ar da aka yi a wani ƙaramin ɗaki a 1985 da gawar yaro a Iraƙi bayan shekara 27 ta isa ta nuna cewa sara ba ta da makiyayi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. A ƙarshen 1986 MacKaye ya fara gwaji a hankali da Joe Lally, mai kaɗa jita mai kaurin murya, da wani mai ganga, Colin Sears, wanda bai daɗe ba ya koma tsohuwar ƙungiyarsa, Canty ya maye gurbinsa. Sun shafe watanni suna kiɗa a ɗaki ba tare da suna ba. Wasansu na farko ya kasance ranar 3 ga Satumba 1987, a Wilson Center, wani zaure a ƙarƙashin ginin coci. Picciotto bai shiga a matsayin cikakken ɗan ƙungiya ba sai a 1988. Da farko amshi yake yi yana rawa a gefe, irin aikin ɗan amshin mawaƙin gambara, sai daga baya ya ɗauki jita.

Sunan kuwa daga littafi ya fito. A 1981 Mark Baker ya wallafa Nam, tarin labaran sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, da bakinsu. A cikinsa MacKaye ya ga "fugazi", kalmar bariki mai nufin al'amari ya dagule ya lalace. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa kowane harafi farkon wata kalma ce, jimlar kuma tana ba da labarin soja a taƙaice: abu ya ɓaci, an yi mana kwanton ɓauna, an zuge mu cikin jakar gawa. Masana asalin kalmomi sukan yi taka-tsantsan da irin wannan bayani, domin sau da yawa bayan kalma ta daɗe ne ake ƙirƙiro mata shi, ko da yake Ingilishin sojan Amurka yana da irinsu na gaskiya tun yaƙin duniya na biyu, kamar "snafu" da "fubar". Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan: bariki ko'ina wurin haihuwar harshe ne, shi ya sa ma ake da barikanci.

Abin lura shi ne irin sunan da aka zaɓa. "Straight edge" tana da umarni a cikinta, mutum zai iya binta, zai iya kuma tilasta wa wani. "Emo" tana da siffa, ana iya sa ta kamar riga. "Fugazi" kuwa ba ta umartar kowa da komai. Yawancin waɗanda suka ji ta a 1987 ba su san ma'anarta ba, wasu sun ɗauka sunan Italiyanci ne, 'yan Ingila kuma sun san ta ne a matsayin sunan faifan da ƙungiyar Marillion ta fitar a 1984. Ba a iya zama "ɗan fugazi" yadda ake zama ɗan wata ɗariƙa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan karon an zaɓi sunan da ba shi da inda za a kama a ja.

Kiɗan ma haka ya ƙi zama wuri ɗaya. MacKaye ya taɓa kwatanta abin da yake nema da haɗin hargowar ƙungiyar Stooges da rege, kuma ana jin wannan a faifansu na farko mai waƙa bakwai, wanda aka ɗauka a Inner Ear wurin Don Zientara aka fitar a Nuwamban 1988. Jitar Lally ce ke jan ragama, a natse, tana barin fili. Waƙar farko, "Waiting Room", ta fara tafiya ke nan sai komai ya tsaya cik na 'yan daƙiƙu, shiru, sannan a dawo. Wanda ya zo bangaza sai ya rasa inda zai sa ƙafa. Wata waƙar, "Suggestion", an rubuta ta ne da muryar macen da maza ke tsangwama a titi, kuma a wasu wasannin Pickering ce take karɓar makirufo ta rera. Bayan rangadin Turai, a Disamban 1988, suka ɗauki Margin Walker a Landan wurin John Loder. A 1989 aka haɗa faifan biyu aka kira su 13 Songs. A 1990 Repeater ya fito. Masu sharhi suka kira wannan salo "post-hardcore", abin da ya zo bayan hardcore. Wannan ma ba su suka raɗa ba, amma laƙabi ne na ma'aikacin laburare, mai sanyi, wanda bai faɗi komai ba sai lokaci. Ba a taɓa jin an doki wani saboda shi ba.

Inda aƙidar ta koma shi ne ƙofa. Kuɗin shiga wasan Fugazi dala 5 ne, a wasu birane masu tsada ya ɗan haura kaɗan. Kowane wasa a buɗe yake ga kowa, yaro da babba. Wannan sharaɗi na biyu ya fi yadda ake zato nauyi, domin dokar tarayya ta 1984 ta tura jihohin Amurka su mayar da shekarun sayen giya 21, kulob kuwa daga giya yake cin riba, saboda haka ɗakin da ya cika da 'yan shekara 16 asara ne ga mai shi. Wurin da ya ƙi sharaɗin sai su bar shi, su nemi zauren coci, ko ɗakin taron unguwa, ko filin ƙwallon kwando na makaranta. Ba su da manaja. MacKaye ne yake buga waya ya shirya rangadi da kansa. Ƙaramar mota suke shiga su da kayansu. Ba sa sayar da riga ko hula ko sitika, abin da ya rage musu mai jiran tebur da lissafin kaya. A dandamali farar fitila kawai suke so, kuma ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi, da ido da kunne suke gane inda aka nufa. A bayan kowane faifai Dischord tana buga farashin da za ta aiko da shi ta gidan waya, domin mai kanti ya ji kunyar ninkawa. Wasanninsu na cikin Washinton kuwa ko dai kyauta ne ko na tara kuɗi ga asibitin marasa galihu da masu kwana a titi da makamantansu.

Fifikon wannan tsari a kan kirari shi ne ana iya bincikarsa. Wanda ya ce shi "straight edge" ne, sai dai a yarda da shi ko a bi shi gida. Amma dala 5 lamba ce: ko an karɓi biyar a ƙofa ko an karɓi goma, kuma yaron da ya biya ya sani. Ba a iya tsananta ta a mayar da ita makami, domin ba wanda zai doki wani don ya fi shi riƙo da dala biyar. Tana kuma ba makaɗan wani 'yanci da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yana ganin ya sayi haƙƙin a yi masa abin da yake so. Wanda ya biya kuɗin sanwici ba shi da wannan hujja. Shi ya sa MacKaye yake iya tsayar da waƙa a tsakiya idan ya ga ana tattake mutane, ya yi wa mai bangazar magana da ladabin da ya fi zagi ciwo, yana kiransa "sir", wato yallaɓai, in ya ƙi ji a miƙa masa dala biyar ɗinsa a nuna masa ƙofa.

Akwai abin faɗa a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarami ba ne. Da farko, ba kowa ne zai iya wannan tsarki ba. Fugazi ta fara ne da kamfanin faifai nata na kanta wanda ya riga ya kafu shekara bakwai, da sunan Minor Threat da ke cika ɗaki tun kafin a ji sabuwar waƙa ɗaya, da yaran da suka tashi a gidajen masu rufin asiri. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan, wadda kuɗin riga ne yake sa mata mai a mota, ba ta zama maciya amana ba don ta sayar da riga, amma sau da yawa da ma'aunin Fugazi aka auna ta aka ce ta gaza. Na biyu, tsayar da waƙa domin yi wa mutane faɗa ya sa wasu suka riƙa ganinsu kamar shugaban makaranta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin: wanda ya gudu daga zama limamin ɗariƙa ya dawo yana tsawatarwa daga dandamali. Na uku, lambar ma ta so ta zama kirari. 'Yan jarida suka fi rubutu a kan dala biyar fiye da kiɗan, aka riƙa yaɗa tatsuniyar cewa zaman zuhudu suke yi, ba sa dariya, alhali masu barkwanci ne. Da suka ƙi buga riga, sai wasu suka buga tasu suka rubuta a ƙirji cewa wannan ba rigar Fugazi ba ce, aka yi ta saye. Kasuwa ta sayar da ƙin sayarwar ma.

Duk da haka, idan aka jera ɓarnar gefe da gefe, ba su yi kusa da juna ba. Mafi munin abin da dala biyar ta haifa shi ne ɗan gori tsakanin makaɗa da rigar barkwanci. Kalmomin nan biyu na baya kuwa an ga inda suka kai.

Gwajin gaske ya zo a 1991. A ranar 12 ga Janairu suka yi wasa cikin tsananin sanyi a Lafayette Park, daura da fadar White House, domin nuna ƙin yaƙin Tekun Fasha, kwanaki kaɗan kafin a fara ruwan bama-bamai a Iraƙi. A Satumbar shekarar ƙungiyar Nirvana ta fitar da Nevermind, ya sayu miliyoyi, manyan kamfanoni suka bazama neman duk wanda ke da jita mai ƙara. A lokacin ne wata sarar ta yi tashe, "sell out", wadda ke da fuska biyu: idan tikitin wasa ya ƙare an ce ya yi "sell out", abin murna, idan mawaƙi ya sayar da aƙidarsa don kuɗi, kalmar dai ita ce, abin kunya. Matasa suka yi ta jifan juna da ita, kowa da inda ya ja nasa layin, har ta rasa kaifi. Fugazi ba ta bukaci shiga wannan musu ba, tun da nata layin a rubuce yake da lamba tun 1987. Kamfanoni suka zo da tayi, aka ƙi. Bikin Lollapalooza ya gayyace su, suka ƙi saboda tsadar tikiti. Mujallun da ke ɗauke da tallar giya da taba, har da Rolling Stone, suka nemi hira, ba su samu ba. A 1993 faifansu In on the Kill Taker ya shiga jerin Billboard na faifai 200 mafiya kasuwa, daga kamfanin da ofishinsa wani gida ne a Arlington.

Sun yi wasa fiye da 1,000 kafin su dakata, na ƙarshe a Landan cikin Nuwamban 2002. Ba su ce sun watse ba, ba su kuma dawo ba. Ashe tun farkon tafiyar masu kula musu da sauti suna ɗaukar wasannin a kaset, sai a ƙarshen 2011 Dischord ta fara ɗora wannan taska a intanet, wasanni fiye da 800, kowanne da ranarsa da garinsa da kuɗin ƙofarsa. Aka bar wa mai saukewa ya biya abin da ya ga zai iya, amma farashin da aka ba da shawara a kan kowane wasa dala 5 ne.